Jajen Besbol a Gidan Maihula

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min duk sauran abin da na gani a Riyad, da wata ranar Alhamis da na saka kaftanina mafi kyau, na kafa hula, na fesa turare, na ɗauki ƙafa na tafi gidan shugabana don in yi masa jaje. Har yau idan abin ya faɗo min a rai, ko abinci nake ci sai na ajiye cokali na dafe goshi. Na daɗe ina ɓoye labarin nan, amma tunda wanda ya zuga ni yana yawo yana ba da shi yana cire nasa laifin, gara ku ji daga bakina.

A tsakiyar shekarun 1980 ne. Ina aikin gwajin jini a wani babban asibiti, a kan irin kwantiragin nan da ake ba gwauro: ɗaki ɗaya ku biyu, motar asibiti ta kai ka ta dawo da kai, ba maganar iyali. Alhali ni ba gwauro ba ne. Na baro matata Hadiza a Zariya da tsohon ciki, ta haihu bayan tafiyata, aka raɗa wa yarinya Safiya ba na nan, aka aiko min da hoton da bai fito sosai ba (mai hoton ya fi ba labulen da ke bayanta muhimmanci). Abin da nake so a duniya a lokacin guda ɗaya ne: a mayar da kwantiragina na mai iyali, a ba Hadiza da Safiya iƙama, wato takardar izinin zama, su zo. Asibitin ne kafilina, wato shi ya tsaya min a ƙasar, kuma mudir, shugaban asibitin, ba ya ko kallon irin wannan buƙata sai shugaban sashenka ya sa baki. Shugaban sashena kuwa yana shirin tafiya dogon hutu ƙasarsu. In ya tafi bai yi magana ba, sai wata shekarar kuma, yarinya ta fara tafiya ba ta san ubanta ba.

Ba'amurke ne, dogo, ja, mai sanƙo. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu dai 'yan Najeriyar asibitin Maihula muke ce masa, saboda wata hular hana-salla da ba ya rabuwa da ita ko a cikin ɗakin gwaji. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, amma bawan Allahn nan ba shi da gaisuwa. Za ka shirya masa ina kwana da ina gajiya da yaya iyali, kafin ka gama buɗe baki ya ce "Morning" ya wuce. Na kai masa buƙatata, ya ce zai duba. Tun daga nan ban sake jin komai ba, ni kuma na rasa ta inda zan tuna masa ba tare da na zama mai naci ba.

Abu ɗaya ne ke buɗe bakin Maihula: besbol. Ga wanda bai sani ba, wasa ne da wani ke jefo 'yar ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, wani kuma ya yi ƙoƙarin maka mata gora. In ya same ta sai ya yar da gorar ya ruga yana zagaya fili, in ya dawo inda ya taso an ci maki ɗaya. Haka ake yi har zagaye tara, kowace ƙungiya ta yi jifa ta yi bugu. Sauran lokacin kuwa tsayuwa ake yi ana tauna cingam ana tofar da yawu. Ni da na tashi a kan ƙwallon ƙafa ban ga abin so a ciki ba. Amma shi, da zarar wani ɗan ƙasarsu ya ambaci ƙungiyar garinsu, sai ka ga mutumin da ba ya iya gaisuwa ya jingina da bango yana zuba har shayinsa ya huce.

Abokin zamana a ɗaki wani nas ne ɗan Katsina, Isiyaku, mutumin da bai taɓa rasa shawara ba ko da ba a tambaye shi ba. Shi ya ce min, "Mutumina, kana ta yi masa gaisuwa, shi ba ta ita yake ba. Ka bi ta inda yake so. Koyi wasan gorar nan."

Na ce, "A ina zan gan shi? Talabijin ɗin nan ba sa nunawa."

Ya ce, "Wa ya ce sai ka gani? Karantawa za ka yi. Ba kai ne mai son lissafi ba?"

Nan ya kama ni, don gaskiya ina da wannan cutar. Akwai wani kantin littattafai a kan hanyar Batha da ke kawo wata jaridar Amurka, tana isowa a makare, wasu hotunan an shafe su da baƙin tawada. A shafin baya akwai wasu 'yan akwatuna cike da lambobi ƙanana kamar tururuwa: sunan kowane ɗan wasa, sau nawa ya tsaya bugu, sau nawa ya samu, sau nawa ya zagayo gida, mai jifa kuma zagaye nawa ya yi, mutum nawa ya kora ba su taɓa ƙwallo ba, maki nawa aka ci a hannunsa. Na zauna musu kamar mai shirin jarrabawa. A nan na gano cewa a wasan nan wanda ya yi bugu goma ya samu uku gwarzo ne, ana sa hotonsa a kati yara suna tarawa (mu a ɗakin gwaji, ka yi daidai sau uku cikin goma ka ga ko za ka kwana a ƙasar). Ban taɓa ganin wasan da idona ba, ban san fuskar ko mutum ɗaya a cikinsu ba, amma na haddace ƙungiyar Maihula kaf, har da masu zaman benci.

Wata safiya na gwada sa'ata. Yana wucewa na ce, "Dokta, na ga mai jifan nan naku ya farfaɗo. Wasanninsa na baya-bayan nan ba a cin maki sosai a hannunsa."

Ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da za ka yi wa kujerar ofishinka in ta yi maka sallama. Ya ce, "Kana bin besbol?"

Na ce, "Kaɗan-kaɗan, Dokta."

Ranar sai da muka yi hira har injin juya jini ya gama ya yi ƙara ba wanda ya kula. Daga nan kullum sai ya tsaya a teburina. Har sunana ya koya, ko da yake bai taɓa faɗinsa daidai ba. Kaina ya fara girma. Na fara jin cewa Hadiza ta kusa haɗa kaya.

Ana nan sai ƙungiyarsu ta kai wani wasa na a-mutu-ko-a-yi-rai a ƙarshen kaka: wanda ya ci ya wuce gasar ƙarshe, wanda aka ci ya koma gida sai baɗi. Maihula ya gaya min cewa ƙaninsa a can zai ɗauki wasan a kaset ɗin bidiyo, wani abokinsu injiniya da ke dawowa daga hutu zai taho da shi. Ya ce, "In ya iso, Alhamis bayan azahar ka zo gidana. Za mu taru mu kalla." Shugabana, ya gayyace ni gidansa! Da na gaya wa Isiyaku sai da ya tashi ya ba ni hannu.

To daga nan ne halin Maihula ya canza. Ya daina karanta jarida. Wadda ake kawowa ofishinsa ya sa sakatare ya riƙa cire shafin baya yana jefarwa kafin ta kai teburinsa. 'Yar rediyon da yake kamo tashoshin ƙasarsu da ita ya kulle ta a durowa. A ɗakin cin abinci yana zama shi kaɗai yana fuskantar bango. Da idona na ga wani likita ya tare shi ya fara cewa, "Ka ji abin da..." sai Maihula ya ɗaga hannu, ya toshe kunne ɗaya, ya juya ya bar wurin da sauri. Ni kaina da na nufo shi sai ya ce, "Ba maganar besbol. Ko kalma ɗaya. Sai Alhamis."

Ni kuwa na riga na je kantin, na sayi jarida, na ga abin da ya faru. An ci su. Kuma ba ci na mutunci ba, irin wanda ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Saboda haka da na ga yadda yake yi, sai na ce a raina: Allah sarki, baƙin ciki ne. Bawan Allah ba ya son ko a tuna masa.

Kafin ku ce ba ni da hankali, ku tsaya ku ji yadda muke kallon ƙwallo a wancan zamanin. Akwai wani ɗaki a saman wani shago a Batha inda muke taruwa ranar Juma'a bayan masallaci. Duk wanda ya dawo daga gida da kaset ɗin wasa, nan za a kawo. Kafin kaset ya iso kowa ya san wa ya ci, wa aka kora, wa ya zubar da fanareti, don matafiyin da kansa ya ba da labari tun a filin jirgi. Daɗin kallon ma shi ne ka riga ka sani. Za ka ji wani yana cewa, "Ku zuba ido, yanzu zai yanke shi!" wani ya ce, "A mayar baya, a mayar baya!" Ba wanda ya taɓa yin fushi. Wallahi ko a mafarki ban taɓa kawowa a raina ba cewa babban mutum, mai digirin dokta, mai mata da 'ya'ya, zai toshe kunnensa kwana da kwanaki da gangan don kada ya san abin da duk duniya ta sani.

Na kai wa Isiyaku rahoto. Ya gyaɗa kai irin na manya, ya ce, "Ka ga dama ta samu. Jaje za ka yi masa. Su Turawa ba sa yi wa juna, kowa ta kansa yake. Kai za ka nuna masa daga gidan tarbiyya ka fito."

Na ce, "Anya? Ya ce kada a yi masa maganar."

Ya ce, "Sai Alhamis ya ce, ko ba haka ba? To ranar zaman makokin ke nan. Kuma kada ka tsaya a kan sorry kawai, wannan kowa ya iya. Ka zayyano masa yadda abin ya faru, da lissafinsa, ya san ka damu da damuwarsa. Daga ya yi laushi, ranar Asabar sai ka tuna masa maganar Madam."

Har gwaji muka yi a ɗaki. Isiyaku ya zauna a bakin gado ya yi kicin-kicin da fuska a matsayin Maihula, ni kuma na shigo da sallama ina rage murya. Sau da yawa yana mayar da ni baya wai fuskata ba ta nuna alhini sosai ba.

Ranar Alhamis na biya ta kasuwar Dira na sayi dabino mai kyau, don ba a zuwa jaje hannu rabbana. Na hau tasi zuwa rukunin gidajen da manyan ma'aikatan asibiti ke zama. Matarsa ce ta buɗe min ƙofa, wata mace mai fara'a, ta karɓi dabino tana godiya. Na shiga falo na tarar da maza kusan takwas, kowa da hana-salla iri ɗaya da ta Maihula, ga gugguru a manyan kwanuka, ga lemo cikin ƙanƙara. Suna ta raha. Na ce a raina: ka ga jarumta, suna danne abin a zuci. A gaban talabijin wani ƙato mai gemu, shi ne injiniyan da ya kawo kaset, yana durƙushe yana riƙe da shi da hannu biyu kamar ƙwai.

Maihula ya gabatar da ni, ya ce, "Wannan mutumina ne daga Najeriya, ya fi wasunku sanin lissafin ƙungiyar nan." Aka yi dariya, aka ba ni kujera kusa da shi. Da mai gemu ya tura kaset cikin bidiyo, na ga in ban yi yanzu ba lokaci zai wuce. Na gyara zama, na zamo kaɗan daga kujera, na haɗa hannuwa, na saukar da fuskar nan da muka sha wahalar gwadawa. Da Turanci na yi maganar, amma bari in faɗa muku da Hausa, kunyar ta fi fitowa.

Na ce, "Dokta, kafin a kunna, ina da 'yar magana. Na zo ne in yi maka jaje, kai da dukkan 'yan'uwa da ke nan. Abin ya taɓa ni ƙwarai. A ce kuna gaba tun farkon wasa, sai a zagaye na tara a ƙwace muku da tazarar maki ɗaya tak! Sai haƙuri. Allah ya kai mu baɗi."

Wani da ya ɗebo gugguru ya tsaya da hannunsa a sama. Na dubi Maihula na ga bakinsa a buɗe, fuskarsa ta ƙara ja. Na ce a raina: alhamdulillahi, maganar ta shige shi. Sai na tuna Isiyaku ya ce kada in tsaya a nan.

Na ci gaba. "Kuma ba laifin mai jifan farko ba ne, Dokta, ya yi iya ƙoƙarinsa har zagaye na takwas. Wanda aka sako ya canje shi ne ya ɓata komai. Mai bugu na farko ya bar shi ya wuce a banza ba tare da bugu ba, na gaba kuma ya maka ƙwallo waje da fili, su biyun suka zagayo gida. Shi kuma gwarzon nan naku da kuke ji da shi, duk tsayuwar da ya yi ranar bai taɓa ƙwallo ba. Ta ƙarshen ma tsayawa ya yi yana kallonta ta wuce."

Na so in shiga lissafin masu zaman benci, sai na ji mai gemu ya ce da wata irin murya, "Wane ne wannan? Wa ya kawo shi?"

Maihula ya ce a hankali, "Ni."

Matar gidan ce ta ji tausayina. Ta matso, hannunta ɗaya a kan baki, ta ce, "Ba su sani ba fa. Babu wanda ya sani a ɗakin nan. Abin da ya sa suke jiran kaset ɗin ke nan." Ta nuna mai gemu ta ce, "Wannan tun daga Amurka har Riyad bai yarda ya karɓi jarida a jirgi ba, kuma bai yi magana da na kusa da shi ba."

Jama'a, akwai kunyar da ke sa ka sunkuyar da kai, akwai kuma wadda ke sa ka ji kaftaninka ya yi maka yawa. Nan take komai ya dawo min: shafin da ake cirewa, rediyon da aka kulle, kunnen da aka toshe. Ashe ba makoki yake yi ba. Ajiya ya yi, yana ta lallaɓa ta, ni kuma na zo da turarena na fasa.

Mai hankali a nan zai ba da haƙuri ya nemi ƙofa. Ni sai na ce bari in gyara. Na ce, "Amma fa, Dokta, jarida takan yi kuskure. Ni kuma sabo ne a harkar, ban taɓa ganin wasan ba ma. Ƙila wani wasan na karanta, ko na juya sunayen ƙungiyoyin."

Wani siriri a gefe ya ɗago da sauri ya ce, "Kana nufin ba ka tabbata ba?"

Na ce, "Allah ne masani."

Kun ga wannan ita ce muguntar da ta fi ta farko, kuma ban yi niyya ba. Na ga fata ta dawo fuskokinsu. Suka fara ce wa juna ai gaskiya ne, mutumin da bai taɓa ganin besbol ba ina zai iya karanta lissafi. Aka ɗan yi dariya, har mai gemu ya sassauto. Aka kunna kaset.

Wannan ne karon farko da na ga wasan da idona, kuma na tsinci kaina ina roƙon Allah ya sa ƙarya na yi. Ƙungiyar Maihula ta fara cin maki, falo ya kaure da ihu. Sai gwarzon nasu ya fito bugu, ya kai wa iska duka ya koma. Mutum biyu suka waiwayo suka dube ni. Ya sake fitowa, ya sake komawa. Wannan karon mutum huɗu ne suka waiwayo. Na riƙa tura gugguru a baki don kawai in sami abin yi, shi kuma ya ƙi wucewa.

Da la'asar ta yi na ji kamar an yi min bushara. Na nemi wuri, matar gidan ta nuna min wani ɗaki. Na yi salla, na zauna na yi lazimi, na yi addu'a ga iyaye da kakanni da maƙwabtan Zariya ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin cewa kafin in fito an tashi. Abin da jarida ba ta gaya min ba shi ne besbol ba shi da agogo. Na fito na tarar ko zagaye na bakwai ba a shiga ba.

Har zagaye na takwas suna gaba. Ihu ya ragu, amma ba su saki fata ba, siririn nan har yana cewa, "Kun gani, kun gani." Sai aka shiga na tara. Wani dattijo mai tumbi ya fito daga benci ya taka zuwa tsakiyar fili, ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifa, ya yafito wani sabo. A wannan karon duk falon ne ya juyo ya dube ni, har da matar gida. Ni kuwa na ƙura wa kafet ido kamar ni aka ba aikin ƙirga zarensa. Ban ga bugun ba. Ƙarar gorar kawai na ji, da ihun mutanen cikin talabijin, da shirun mutanen cikin falo. Komai ya faru yadda na faɗa, ko wasali ban kuskure ba. Ban taɓa baƙin cikin cin jarrabawa ba sai ranar.

Mai gemu ya tashi ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Maihula ya kashe talabijin ya zauna yana kallon baƙin gilashin. Na miƙe a hankali na ce zan koma. A bakin ƙofa, bakina da bai koyi darasin komai ba ya sake cewa, "Sorry again, Dokta."

Ina shiga ɗaki Isiyaku ya taso yana murmushi. "Yaya? Ya yi ƙwalla?"

Na ce, "Saura kaɗan."

Da na ba shi labari, ya yi dariya har ya zamo daga gado. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Ni fa jaje na ce ka yi, ban ce ka kai labari ba." (Wannan ita ce maganar da yake yawo da ita har yau, kuma ƙarya ce, shi ya ce in kawo lissafi.)

Juma'ar nan ban ji daɗinta ba. Ban je Batha ba, shinkafar kabsa da Isiyaku ya sayo ma ban taɓa ba. Dariya ta ƙare, tsoro ya shigo. Ina ta tunanin yadda zan yi wa Hadiza bayani cewa ba za su zo bana ba, ba don mudir ya hana ba, ba don biza ta yi wuya ba, sai don mijinta ya je gidan mutane ya ba da labarin wasan gora. Na yi kewar yarinyar da ban taɓa ɗauka ba, na kuma ji haushin kaina ƙwarai.

Ranar Asabar, farkon mako, ko farar rigar aiki ban gama sakawa ba sakatare ya ce Dokta na kira. Na shiga na tsaya. Bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Tambaya ɗaya. Me ya sa?"

Na yi masa bayanin jaje: cewa a wurinmu in abu ya sami mutum, gobara ko asara ko rashin lafiya, ba a barinsa shi kaɗai, ana zuwa har gida a zauna a ba shi haƙuri.

Ya ce, "Har a kan ƙwallo?"

Na ce, "A gaskiya, Dokta, a kan ƙwallo tsiya muke yi wa juna. Amma kai shugabana ne."

Ya daɗe yana kallona. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya danne. Ya ce, "Duk lambobin nan, haddace su ka yi?"

Na ce e.

"In ka tashi aiki me kake yi?"

Na sosa ƙeya, don amsar ita ce: lambobin nan.

Ya ce, "Na ga mudir da safen nan. Na gaya masa a kawo matar mutumin nan da gaggawa. Wanda ke da iyali a gida ba ya samun lokacin haddace masu zaman benci. In ma ya haddace, akwai mai tare shi a bakin ƙofa ta tambaye shi ina za shi da wannan turaren." Ya ɗaga yatsa. "Sharaɗi ɗaya. Kada ka sake sayen jaridar nan. Khalas? Magana ta ƙare?"

Na ce, "Khalas, Dokta." Na so in yi masa godiya irin tamu mai tsawo, amma a karon farko a rayuwata na gane cewa lokacin yin shiru ne.

Bayan 'yan watanni suka iso. Safiya ta dube ni a filin jirgi ta tsala ihu ta ɓoye fuska a mayafin uwarta, amma kafin mu kai gida ta yi barci a kafaɗata, ni kuma na ƙi motsa hannun har ya sage. Da aka kwana biyu na ba Hadiza labarin, ina jiran ta taya ni mamakin halin Turawa. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa. Sannan ta ce, "Malam, ni ban ga laifin Turawa a nan ba. A Zariya in aka yi rashi, haka kawai ake faɗa wa gida da gaisuwa? Ba sai an tambaya a waje ko an riga an sanar da su ba? Kai ko mai gadi ba ka tambaya ba."

Ni da na tafi koya wa Ba'amurke al'adarmu, ashe rabinta na ɗauka na bar rabi a gida.

Tun daga nan, duk wanda na je yi wa jaje, ko motarsa ce ta ƙone a gaban idonsa, sai in yi sallama, in sami wuri in zauna, in kama bakina, in bari shi ya fara ba ni labari.